Kyamarar Mota Da Haƙƙin Direba: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Ƙungiya A Fadan Kaje

 

An nemi in yi bayani a kan ƙaramar kyamarar nan da ake maƙalawa a jikin gilashin gaban mota, wadda take ɗaukar hoton hanya muddin mota na tafiya, da kuma yadda za ta kare haƙƙin mai ita idan tsautsayi ya gifta.

Jama'a, yawancin gidajenmu abincinsu a kan titi yake. Daga nan Fadan Kaje zuwa Zonkwa, ko Kafanchan, ko Kachia har Kaduna, kullum motocinmu na ɗauke da citta da masara da fasinjoji. Kuma mun san cewa a wannan yanki haɗarin mota ba ya tsayawa a kan mota kaɗai. Da zarar an buge mai babur, kafin jami'ai su iso labari ya riga ya zagaya, kowa da irin nasa, wani ma ya shigo da ƙabila ko addini. Wanda ya ga abin da ya faru a Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da Zonkwa a 2011, ya san abin da jita-jita ke haifarwa a kan kowane ɓangare. To, amfanin kyamara ke nan: gani ya kori ji.

Dalili irin wannan ne ya sa direbobin Rasha suka rungume ta, domin gudun sharri da rigimar inshora. Har ma da wani dutse ya faɗo daga sama a yankin Chelyabinsk a 2013, kyamarorin motoci ne suka nuna wa duniya shi.

Shin kotu na karɓar wannan hoto? Tana karɓa. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 84, ta amince da shaidar da ta fito daga kwamfuta da makamantanta, amma da sharuɗɗa. Sai an nuna cewa an saba amfani da na'urar, kuma tana aiki daidai a lokacin, sannan a yi bayanin yadda aka fitar da hoton, galibi ta takardar da mai kula da na'urar zai sa wa hannu. A shekarar 2012, a shari'ar Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da wasu takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. Ashe mallakar hoto daban, iya kiyaye shi daban.

Saboda haka ga abubuwan da ya kamata mu riƙe.

Na farko, a saita kwanan wata da lokaci tun ranar da aka sayo ta, a kuma riƙa dubawa. Hoton da ya nuna wata rana daban lauya zai yi saurin rusa shi.

Na biyu, a sani cewa idan katin ajiyarta ya cika, sabon hoto yake hawa kan tsoho ya goge shi. Wanda ya yi haɗari da safe ya ci gaba da tuƙi har yamma, zai iya tarar da shaidarsa ta tafi. Da abu ya faru, a danna maɓallin kulle hoton, ko a kashe ta a zare katin.

Na uku, rai ya fi hujja. A fara taimakon wanda ya ji rauni, a kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a lamba 122. Idan taron jama'a ya fara zafi, direba ya wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ya ba da rahoto.

Na huɗu, kada a yanke hoton, kada a ƙara masa rubutu ko sauti. A kwafe shi yadda yake a wuri biyu, a ajiye ɗaya wajen amintaccen mutum. Idan mai bincike ya karɓi katin, a roƙi a rubuta a takarda cewa an karɓa, da rana da sunan wanda ya karɓa.

Na biyar, wanda ya fi duka muhimmanci, kada a watsa shi a WhatsApp ko Facebook. Turawar tana rage ingancin hoton, sannan nuna gawa ko mai rauni cin mutuncin iyalansa ne, kuma ɗan guntun hoto ba tare da bayani ba shi ne makamin masu hura wuta. Akwai ma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023. Wurin hoton haɗari shi ne hannun mai bincike, da lauya, da kamfanin inshora, da kotu.

Tunda na ambaci inshora, tun Janairun 2023 kuɗin inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna ya koma naira 15,000 ga motar gida, tana kuma biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Kyamara ba ta maye gurbin wannan takarda, ko lasisi, ko birki mai kyau.

'Yan'uwa, ita wannan na'ura ba ta san ɗan gari ko baƙo ba, ba ta kuma san mai ita ba. Idan kai ne ka yi gudun wuce sa'a, ko ka sha gaban wani a kan kwana, haka za ta nuna. Wanda ya goge hoto don ya ɓoye laifinsa ya zalunci maƙwabcinsa, ya kuma zubar da amanar sauranmu. Haƙƙin da muke nema a ba mu, na a saurare mu da adalci, shi ne muke da nauyin bai wa wanda muka buge.

Ina ba da shawarar ƙungiya ta zaɓi matasa biyu masu sanin kwamfuta da za su riƙa taimaka wa direbobi wajen saiti da kwafi, ta kuma tuntuɓi shugabannin tasha da na maƙwabtanmu Bajju, domin a tafi tare.

Allah Ya kiyaye mu a hanya, Ya zaunar da yankinmu lafiya. Wassalamu alaikum.