HUKUNCIN JEFA GAWA A TEKU DA SHIRIN JANA'IZA GA MAZAUNA ƘASASHEN WAJE



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya girmama ɗan Adam yana raye, ya kuma suturta shi bayan mutuwarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, dalilin zamanmu na yau wata tambaya ce da ta zo mana daga wani ɗan'uwa mazaunin Ingila. Ya ce abokin zamansa ya kwanta ciwo mai tsanani, sai ya tafi wajen masu sana'ar shirya jana'iza domin ya san abin da ke gabansu. Suka miƙa masa takarda mai zaɓi huɗu: ƙona gawa, ko binne ta a can, ko mayar da ita gida, ko kuwa jefa ta a teku. Ya ce kabari yana da tsada, jirgin sama ya fi tsada, ga shi kuma yana ƙyamar a kwantar da Musulmi a tsakiyar waɗanda ba Musulmi ba. Shin teku za ta zama mafita, tun da ya ji an ce littattafan fiƙihu sun ambace ta?

Wannan tambaya ta shafe mu duka, domin da wuya a sami unguwar da ba ta da ɗalibi ko ɗan kasuwa ko majinyaci a ƙetare. Allah (S.W.T.) kuwa ya sanar da mu a ƙarshen Suratu Luƙman cewa sanin ƙasar da mutum zai mutu a cikinta yana cikin abubuwan da ya ɓoye wa bayinsa.

ASALI SHI NE ƘASA

Malamai sun haɗu a kan cewa yi wa mamaci Musulmi wanka da likkafani da salla da binnewa haƙƙinsa ne a kan rayayyu, wanda idan wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, idan kuwa aka rasa mai yi, duk wanda ya sani kuma yana da iko ya yi laifi. Binnewa a ƙasa ita ce farkon sunnar da aka koya wa ɗan Adam game da mamaci, kamar yadda labarin hankaka ya zo a Suratul Ma'ida aya ta 31. A Suratu Abasa kuma Allah ya lissafa kabari a cikin ni'imomin da ya yi wa mutum. Sa'annan Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) umurnin Manzon Allah (S.A.W.) na a gaggauta jana'iza. Ku riƙe abubuwan nan uku, watau ƙasa da gaggawa da kiyaye alfarmar gawa, domin da su ne za mu auna kowane zaɓi.

MAS'ALAR TEKU

Gaskiya ne malaman fiƙihu sun yi magana a kan teku, amma a kan wa? A kan wanda ya mutu a cikin jirgin ruwa, alhali babu tsammanin a kai gaɓa kafin gawarsa ta canza. Ibnul Ƙasim, almajirin Imamu Malik, ya bayyana cewa idan ana sa ran isa tudu nan kusa, to a jira da shi a binne shi a ƙasa. Idan babu wannan tsammani, sai a yi masa wanka da likkafani da salla, a zura shi cikin ruwa bisa ɓarinsa na dama yana fuskantar alƙibla. Sun saɓa a kan ko za a ɗaura masa abu mai nauyi. Sahnun da Imamu Ahmad sun ce a ɗaura domin ya nutse. Asbagu da Ibnul Majishun sun ce kada a ɗaura, Imamu Shafi'i kuwa ya ce a sa shi tsakanin katako biyu, duka da fatan ruwa ya tura shi gaɓa wani ya same shi ya binne. Ku lura, 'yan'uwa, ko a tsakiyar teku zukatan malaman nan suna wajen ƙasa.

An ruwaito daga Anas (R.A.) cewa sahabi Abu Ɗalha Al-Ansari ya rasu a cikin jirgin ruwa a tafiyar jihadi, abokan tafiyarsa ba su sami tsibirin da za su binne shi ba sai bayan kwana 7, kuma jikinsa bai canza ba. Ga ruwa ta ko'ina, amma suka yi haƙuri har suka sami ƙasa.

Saboda haka teku rangwame ce ta lalura, kuma lalura ana auna ta ne da gwargwadonta. Jiragen ruwa masu yawa na wannan zamani suna da ɗakin sanyi, har lalurar ma ta ragu. Wanda kuwa ya mutu a gadon asibiti a Landan, sa'annan aka yi hayar jirgi aka fita da shi teku, wannan bai shiga maganar malaman nan ba ko kaɗan. Shi ya sa a watan Mayu na 2011, da sojojin Amurka suka jefa gawar Usama bin Ladan a Tekun Arabiya suka ce sun bi tsarin Musulunci, malamai da dama, har da Shaihun Azhar, suka ce hakan ya saɓa wa Shari'a. Kowane irin hukunci mutum ya yi wa ayyukansa, a tudu ya mutu.

Sauƙin da ɗan'uwanmu yake hange ma babu shi. A Ingila sai an nemi lasisi daga hukumar kula da al'amuran teku, wurare uku ne aka keɓe domin haka, kuma sai an ƙera akwati mai huje-huje an ɗaura masa ƙarfe ko kankare na kimanin kilo 200. A Amurka sai an yi nisan mil 3 na teku daga gaɓa, a ruwa mai zurfin ƙafa 600 ko fiye, a kuma sanar da hukumar kare muhalli cikin kwana 30. Ga jinkiri, ga kashe kuɗi, ga barin sunna.

ƘONA GAWA

Wannan haramun ne, babu saɓani. Abu Dawuda ya ruwaito daga A'isha (R.A.) cewa laifin karya ƙashin mamaci daidai yake da na karya ƙashin rayayye, to ina ga ƙone shi ƙurmus? Amma ku sani a waɗansu ƙasashe shi ne abin da aka saba: kusan huɗu cikin biyar na matattun Birtaniya ƙona su ake yi, a Japan kuwa fiye da 99 cikin 100. A Siri Lanka hukuma ta tilasta ƙona gawawwakin waɗanda annobar korona ta kashe, har da Musulmi, daga 2020 zuwa Fabrairun 2021, ta nemi gafara a 2024. A Ingila idan mutum ya mutu babu mai tsaya masa, ƙaramar hukuma ce za ta yi masa jana'iza, kuma dokar lafiyar jama'a ta 1984 ta hana ta ƙona shi idan tana da dalilin ganin cewa mamacin ba ya son haka. To, wa zai ba ta wannan dalili in mamacin bai bar rubutu ba, kuma babu masallacin da ya san shi?

MAYAR DA GAWA GIDA

Sunna ita ce a binne mutum inda ajalinsa ya same shi. Jabir (R.A.) ya ba da labarin yadda Annabi (S.A.W.) ya sa aka mayar da shahidan Uhudu wuraren da suka faɗi. Abu Ayyub Al-Ansari, wanda ya sauki Manzon Allah a gidansa a Madina, a jikin ganuwar Santambul kabarinsa yake. Mu kanmu idan alhajinmu ya rasu a Makka murna muke yi masa, ba mu cewa sai an dawo da shi. Ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne zai shiga kabari tare da shi.

Duk da haka ɗaukar gawa ba haramun ba ce kai tsaye, domin Imamu Malik ya kawo cewa Sa'adu ɗan Abu Waƙƙas da Sa'idu ɗan Zaidu sun rasu a Aƙiƙ aka ɗauko su zuwa Madina. Malikiyya sun halatta ta da sharuɗɗa: kada gawar ta lalace, kada a keta alfarmarta, kuma a sami maslaha. Marigayi Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah ya jiƙansa, ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumba 1992 aka kawo shi Kaduna. Tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a can ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a Daura ranar 15 ga wata. Sai dai wanda hukuma ta aika wa jirgi ba daidai yake da ɗalibi ko ɗan ci-rani ba. Shi talaka sai an nemi izinin jami'in binciken mutuwa da takardun ofishin jakadanci, sai an sa shi a akwatin da aka liƙe, kuma galibi sai an zuƙe jininsa an ɗura masa magani. Gawa tana kwance a ɗakin sanyi ana ta bin mutane da roƙon taimako, daga ƙarshe a bar marayu da bashi. A irin wannan hali sharuɗɗan malamai ba su cika ba.

BINNEWA A CAN

Abin da ya dace shi ne a nemi maƙabartar Musulmi, in babu a nemi ɓangaren da aka keɓe wa Musulmi a maƙabartar gari, in babu a kai shi gari mafi kusa da yake da ita. Idan duka suka gagara, waɗansu malaman zamani sun ce a ɗauke shi zuwa ƙasar Musulmi, waɗansu sun ce a binne shi a maƙabartar garin bisa lalura. A Ingila an keɓe wa Musulmi wuri a maƙabartar Burukwud tun 1884, kuma Musulmin gabashin Landan sun buɗe tasu babba a 2002. Inda doka ta tilasta akwati, kamar Faransa, babu laifi, sai a kwantar da mamaci bisa damansa ya fuskanci alƙibla.

Akwai wani tarko da ya kamata a sani. A Faransa kabari haya ne, na shekara 15 ko 30 ko 50 ko na dindindin, wanda aka bayar kyauta kuwa ana iya karɓe shi bayan shekara 5. Idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, ana iya tone ƙasusuwa, har a ƙona su in ba a san mamacin ya ƙi haka ba. A Jamus ma kabari yana da wa'adi.

ABIN DA YA WAJABA A YI TUN YANZU

Na farko, wasiyya. Hadisin Ibnu Umar (R.A.) a Buhari da Muslim ya nuna bai kamata mai abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Rubuta da harshen ƙasar da kake zaune: ni Musulmi ne, ban yarda a ƙona ni ba, ban yarda a jefa ni teku ba, a binne ni bisa sunna a maƙabartar Musulmi mafi kusa. Ka ambaci wanda zai tsaya maka, ka ba limamin masallacinku kwafi. Wannan ya fi zama tilas ga wanda matarsa ko danginta ba Musulmi ba ne.

Na biyu, ka sanar da iyayenka da 'yan'uwanka na gida tun kana da rai, domin kada su tilasta wa abokanka abin da ya fi ƙarfinsu.

Na uku, asusun taimakon juna na jana'iza, kamar yadda Turkawa mazauna Jamus suka daɗe da yi. Kowa ya riƙa zuba abin da aka yanka da niyyar taimako, a sayi filin kaburbura, a nisanci riba.

Na huɗu, a koyi wankan gawa, maza da mata, domin kada a miƙa 'yar'uwarmu ga wanda bai san alfarmarta ba.

Ku kuma iyaye da ke gida, idan labari ya zo, ku ce a suturta shi a can cikin gaggawa. Annabi (S.A.W.) bai aika a ɗauko Najjashi daga Habasha ba, salla ya yi masa a Madina. Addu'arku tana isa kabarinsa ko'ina yake, kuɗin jirgin kuwa ku biya masa bashi da su, ku riƙe marayunsa.

Amsarmu ga ɗan'uwa mai tambaya ita ce, teku ba mafita ba ce ga wanda ya mutu a tudu. Ya tafi masallaci mafi kusa da shi tun yau, ya sa abokinsa ya rubuta wasiyya yana cikin hankalinsa. Muna roƙon Allah ya ba shi lafiya, ya jiƙan matattunmu na gida da na ƙetare, ya sa mu cika da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah ya gafarta mana.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.