KAYA CIKE DA DUROWA, AMMA "BA NI DA NA SAWA": HIRA KAN SUTURAR YAU DA KULLUM DA ADON ƊAKI IRIN NA IYAYENMU

Maza masu laɓe kuna saurare, ku gyara zama, don yau maganar ta shafi aljihunku.

Abu biyu ne suka sa na ɗauko wannan batu. Na farko, kwanaki na tashi zan fita aiki, na buɗe durowa na tsaya na fi minti goma ina kallonta, sai na ji bakina yana cewa, "Ni fa ba ni da kayan sawa." Mamanmu tana jina daga tsakar gida ta ce, "Ke dai ki ji tsoron Allah." Ranar da na dawo na zube kayan gabaɗaya a kan gado na ƙirga. Kala 23. A cikinsu 14 anko ne. Wani sau ɗaya na saka, wani ko biyu bai kai ba. Leshi mai duwatsu, ɗinki mai jela, hannun riga kamar fukafukai. Wanne zan saka in hau adaidaita sahu?

Na biyu, bikin ƙanwata ya matso, aka kawo jerin kayan ɗaki, na ga Babanmu ya yi shiru yana kallon takardar. Daga baya na ji wai yana tunanin sayar da filinsa guda ɗaya tal. Wallahi ranar ban yi barci ba. Zan dawo kan wannan, amma mu fara da sutura.

Kuskuren da yawancinmu muke yi, kuɗinmu yana tafiya ne a kayan ranar biki, alhali kwanakin da ba biki sun fi yawa nesa ba kusa ba. Makaranta, ofis, asibiti, kasuwa, gaisuwar dangi, zaman gida. Su ne rayuwar. To su ya kamata a fara yi wa tanadi.

Abu na farko, yadin kansa. Mu fa a ƙasar zafi muke. Daga Maris zuwa Mayu, in kika saka yadin roba kika rufa da mayafi mai kauri, kafin azahar kin jiƙe, ga ƙuraje, ga warin gumi da turare ba ya ɓoyewa. Auduga ita ce ƙawarki. Yaya za ki gane ta? Ki zaro zare kaɗan daga bakin yadin ki ƙona a gida. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da za ki murje da yatsa. Roba kuwa narkewa take, ta dunƙule ta yi tauri, ga warin leda. Sannan in atamfa ce, ki juya bayanta. Mai kyau za ki ga zanen ya fito ciki da waje kusan iri ɗaya. Ki kuma jiƙa farin hankici ki goga a gefe, in ya ɗauko launi sosai, kin san mai zuba ce.

Kuma don Allah mu rage bautar suna. Atamfar Holan da muke ji da ita, kamfanin Vlisco ne ke yin ta a garin Helmond, kamfanin da aka kafa tun 1846, kuma asalin fasahar kwaikwayon rinin mutanen Indunusiya ce. Tana da kyau, tana da ƙarko, ba musu. Amma ba ita kaɗai ce sutura ba. Iyayenmu sun yi ado da atamfar masaƙun Kaduna da Kano lokacin da suke aiki, kuma sun fito fes. In kika shiga Kantin Kwari da idonki a buɗe, za ki samu mai matsakaicin kuɗi da za ta yi miki shekaru. Abin da na ƙi shi ne ki biya kuɗin babba a ba ki jabu saboda kina son a ga tambari a bakin zani.

Abu na biyu, mayafi. Nan ne da yawa muke ɓata kwalliya. Ƙa'idata guda ce: in atamfa tana surutu, mayafi ya yi shiru. Ki dubi zanen, ki nemo launin da ya fi ƙanƙanta a ciki, wanda sai an lura ake gani, shi za ki nemi mayafi irinsa, maras ado. Nan take kayan za su zauna. Kuma ba kya buƙatar mayafi ashirin. Baƙi ɗaya, ruwan madara ɗaya, ruwan toka ko ruwan ƙasa ɗaya, sai wani mai duhu kamar shuɗi ko ruwan hanta. Waɗannan huɗun za su bi kusan duk abin da ke durowarki. Haka hijabi. Haka takalmi da jaka: mai launi natsattse guda ɗaya mai ƙarko ya fi biyar masu ɓarewa a wata biyu.

Abu na uku, tela. Bari in ba ku labarin kunyata. Na taɓa kai wa wani tela atamfa na nuna masa hoto a waya, siket ne matsattse irin na amare. Ya ɗinka kuwa yadda na ce. Ranar farko, ina ɗaga ƙafa zan shiga adaidaita, sai ji na yi ɓaarrr! Tun daga gwiwa har sama. Allah Ya taimake ni mayafina babba ne, da shi na naɗe na koma gida. Laifin wa? Nawa ne rabi. Hoton da na nuna, mai shi tsayuwa kawai ta yi aka ɗauka, ba ta hau komai ba.

Tun daga ranar, ga abin da nake faɗa wa kowane tela. Ya bar rara a cikin ɗinki, saboda jiki yana canzawa, yau kin rame gobe kin ciko. Hannun riga ya zama wanda zan iya naɗewa har gwiwar hannu in yi alwala ba tare da na tuɓe ba. Wannan kaɗai ya raba ni da ɗinkuna da yawa. Ya sa min aljihu, don waya da 'yan canji. In za a yi shafi, a yi da yadi mai shan gumi. Mai shayarwa ta ce a sa zif ta gaba. Tsayin riga ya rufe idon sawu amma kar ya share titi, musamman da damina. Kafin ki bar shagon, ki gwada, ki zauna, ki sunkuya, ki ɗaga hannu. In kin kasa ɗaya daga ciki, ba a gama ɗinki ba.

Turmin atamfa yadi shida ne. Doguwar riga mai sauƙi da ɗankwalinta ba kasafai suke cinye shi duka ba. Ki karɓo ragowar, hakkinki ne, kuma za ki ji amfaninsa in mun zo kan ɗaki.

Sai kula da kayan. Atamfa ba ta son sabulu mai ƙarfi, ba ta son a jiƙa ta ta kwana. Ki juya ta bai-bai, ki wanke, ki shanya a inuwa, ki goge ta ciki. Shadda kuwa a kai wa masu bugu, shi ke dawo mata da ƙyallinta.

Kuma 'yar uwa, kayan zaman gida ma sutura ne. Ban ga dalilin da za ki fita kamar sarauniya ki dawo ki ɗaura zanin da ya koɗe ya yage ba. Dogayen riguna marasa nauyi guda uku ko huɗu, masu tsabta, 'yan kunne ƙanana, kwalli, humra kaɗan. Ko ke kaɗai ce a gidan, za ki ji daban a ranki.

Anko kuwa, na koyi cewa, "Wallahi wannan karon ba zan samu dama ba, amma zan zo, Allah Ya sanya alheri." Da farko da nauyi a baki. Wadda ta ƙaunace ki za ta fahimta. Hausawa suka ce in ka daka ta wani, ka rasa turmin daka taka. Mu kuma har turmin atamfar muke rasawa.

To, mu shiga ɗaki.

Duk wadda ta tashi ta tarar da kakarta da rai, ta tuna ɗakinta. Ni ɗakin Hajiya kakata har yau ina ganinsa in na rufe ido. Gadon ƙarfe mai rumfa, an ɗame shi da zanin gado ba ko lanƙwasa. Jeren kwalla da samira da langa, daga babba zuwa ƙarami, sun hau har kusa da rufi, kowanne yana ɗaukar ido. Faifai masu launi a bango. Tabarma a naɗe a kusurwa. Randa a bakin ƙofa da moɗa a kai, ruwan nan sanyi ƙalau. Ga ƙamshin turaren wuta da ya riga ya kama bangon kansa.

Shi wannan jere yana da tarihinsa. Da can ƙore ne masu zane, sai tasoshi, sai kwanukan nan masu fenti da furanni, daga baya tangaran da kabad suka shigo. Kuma ga abin da yawancinmu ba mu lura ba: jeren nan dukiyar mace ce, asusunta ne. In larura ta taso sai ta cire ɗaya ta sayar, in za ta aurar da 'ya ta ɗiba ta ba ta. Kayan da ke riƙe daraja suke saya. Mu fa? Muna cin bashi mu sayi kujerun da shekara biyu sun ɓare, in kin tashi sayarwa ko rabin kuɗin ba za a ba ki ba.

Ban ce mu koma jera kwalla har rufi ba. Amma da tsohuwar zuma ake magani, akwai darasin ɗauka.

Na farko, ki auna ɗaki kafin ki sayi komai. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, in kika saka gado shida da shida, shi kaɗai ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu. Ki ƙara durowa mai ƙofa shida da madubi da durowoyin gefe, ina za ki shimfiɗa sallaya? Na sha shiga ɗakin amarya da sai an karkace ake wucewa. Fili ma ado ne.

Na biyu, ƙarko. Ki tambayi kafinta ƙarara: katako ne na gaske, kamar maɗaci, ko irin garin katakon nan ne da ake matsewa a lulluɓe? Shi na biyun yana da kyau a ido, amma ruwa na taɓa shi zai kumbura, kuma ba ya jure tashi daga gidan haya zuwa wani. Gara gado ɗaya na katakon kirki maras ƙyale-ƙyale da saiti guda da ba zai kai suna na biyu ba.

Na uku, launi. Irin ƙa'idar mayafi ce. Bango ya yi shiru: ruwan madara, fari, ko ruwan ƙasa mai haske. Labule maras zane. Kar launukan ɗaki su wuce uku. Sai ki kawo rai da ƙananan abubuwa. A nan ragowar atamfarki za ta yi aiki, a ɗinka miki rigunan filon kujera. Ko ki samo yadin rini mai shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata, ki ga yadda zai zauna a kan kujera mai haske.

Na huɗu, ki tuna da hunturu. Duk kwalliyar da kika jera, ke za ki goge mata ƙura a Disamba da Janairu. Furannin roba, labule mai hawa uku, kafet daga bango zuwa bango, duk matattarar ƙura ne, ga masu asma a gida. Ƙaramin kafet da za ki iya fitarwa ki kakkaɓe ya fi.

Na biyar, namu na gida. Ki shiga Kasuwar Kurmi, ko kasuwar garinku. Tumtum na fata guda biyu a falo. Faifai biyar ko bakwai, manya da ƙanana, a jera a bango ɗaya. Ƙwarya mai zane a kan tebur. Kaskon turare na ƙasa. Wani abu mai dagin Arewa. In kina Kano, ki ware rana ki je Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ki kalli bango da daurin guga. 'Yan uwanmu na Zariya da Damagaram, ku ma kuna da tsofaffin gidaje masu zanen bango a unguwanninku. Za ki gane cewa iya tsara gida ba daga waya muka fara koyonsa ba. Sai dai in za ki yi turaren wuta, ki nisanta garwashi daga labule da hannun yara, kuma ki bar taga a buɗe.

Yanzu labarin ƙanwata. Na zaunar da ita na ce, "Ƙanwata, kin fi son 'yan ganin ɗaki su yi guɗa na yini ɗaya, ko Baba ya riƙe filinsa?" Ta yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, don tana tsoron gorin dangin miji, kuma tsoron nan gaskiya ne, duk mun san shi. Muka je muka auna ɗakunan. Muka soke saitin gado na biyu, muka soke kabad ɗin da ba inda zai shiga, muka rage tulin kulolin da ba za a taɓa zuba abinci a ciki ba. Muka sa kuɗin a gado mai kyau, katifa mai kyau, tukwane masu kauri. Mamanmu ta buɗe akwati ta fito da kwalla uku na Hajiya da ta ɓoye shekara da shekaru, muka wanke muka jera su a kanta guda a falo.

Ranar jere an yi magana? An yi mana. Wata gwaggo ta ce ɗakin kamar ba a gama ba. Amma wata tsohuwa daga dangin angon ta tsaya gaban kwallan nan ta daɗe, ta ce irin na mahaifiyarta ne sak, har da ƙwalla a idonta. Filin Baba yana nan. Ba kuma wanda yake bin mu ko sisi.

Aikin gida na wannan mako: ki zube kayanki ki ƙirga. Abin da kika shekara ba ki saka ba, ki kai a sake masa fasali ya zama na yau da kullum, ko ki ba wadda za ta yi murna da shi. Sannan ki je wurin Mama ko Inna ki tambaya ko akwai wani abu na kaka da ya rage a ƙarƙashin gado. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba iyayenmu ikon sauke nauyi ba tare da wulaƙanci ba, Ya sa albarka a ɗakunanmu.