Fitila na dushewa in mota ta tsaya: laifin batir ne ko na caji?

 Wasiƙar farko a yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu na ƙasar Kura, wanda ya ce yana da a-kori-kura ƙirar Peugeot 504 da yake ɗibar tumatir da ita daga gonaki zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Ya ce in yana gudu a kan hanya fitilunsa tar suke, amma da ya tsaya lodi da dare ya bar injin yana aiki, sai hasken ya yi ja kamar na aci-bal-bal. In ya taka totur hasken ya dawo. Sau biyu ke nan yana sayen sabon batir cikin shekara guda, kuma a makon jiya motar ta ƙi tashi da asuba, kwandunan tumatir na bayanta, sai da rana ta take aka samu masu turi, ya isa kasuwa dillalai sun riga sun yi lodi. Yana tambaya ko ya sayi batir na uku.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya mayar da alheri. Amsa a taƙaice ita ce, kada ka saya tukuna. Na ɗauki wasiƙarka na je na zauna da wani dattijo mai gyaran wutar mota, muka bi ta daki-daki, ga kuma abin da muka tattauna.

Batir kamar randa yake, ajiya kawai yake yi. Mai kawo ruwan shi ne injin caji, wanda masu gyara ke kira altaneta, tsofaffin direbobi kuma har gobe dainamo suke ce masa. Fanbel ne ke juya shi. In ɗan garuwa ya daina zuwa, ko randa nawa ka sauya ƙishirwa na nan. Kuma duk mai noman rani ya san in aka rage wa injin ban-ruwa wuta, ruwan da ke fita a tiyo raguwa yake yi. Haka altaneta take. In mota na tsaye ƙafa ba ta kan totur, injin yakan juya sau 700 zuwa 900 ne a minti ɗaya, don haka wutar da take bayarwa a lokacin ba ta kai ta kan hanya ba. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka yi ta. Amma lafiyayyar altaneta ko a tsaye ya kamata ta riƙe fitilu har ta ɗan rage wa batir wani abu. In ta kasa, akwai dalili.

Abu na farko, a auna. Akwai ɗan mita na hannu mai waya biyu, ja da baƙa, kowane mai gyaran wuta na kirki yana da shi, masu gyaran rediyo da masu sa sola ma suna da shi. Ma'aunin ƙarfin wutar sunansa bolt. Ka fara kai batirin a cika shi da caji, domin batirin da ya yi ƙasa sosai yakan janye awon ya sa a ɗora wa altaneta laifin da ba nata ba. Sa'an nan ka nemi takarda da biro, ka rubuta lamba huɗu. Na koyar a firamare kafin na shigo gidan rediyo, na san abin da ba a rubuta ba kan ɓace kafin a isa gida.

Inji a kashe, cikakken batir zai nuna wajen 12.6. In ka ga 12.2 to ya kusa rabi. A tayar da mota a bar ta ba totur, ya kamata mita ya hau zuwa 13.5 har 14.5. A kunna manyan fitilu da duk abin da ka saba kunnawa, in ya ɗan sauko amma bai yi ƙasa da 13 ba, babu damuwa. In ya faɗo ƙasa da 12.6, to batir ne ke ciyar da motar daga aljihunsa, kuma abin da ya cinye maka batir biyu ke nan. Na huɗu, a taka totur a riƙe injin wajen juyi 2,000. In lambar ta koma daidai, altaneta na da rai, rauni gare ta ko wani abu na tauye ta. In ko da totur ba ta motsa daga 12 da ɗoriya ba, caji ya tsaya gaba ɗaya.

Daga nan sai a fara da mai araha. Kashe injin ka danna tsakiyar fanbel da babban yatsa. In ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko ɗaya da rabi, ya saki. Duba cikinsa, in ya yi sulɓi yana ƙyalli, ko ya tsattsage, ko baƙin mai ya jiƙa shi, to zamewa yake yi a kan fuli, kamar dai bel ɗin injin niƙa in ya tsufa. Alamarsa wani kuka ne mai tsini da safe ko lokacin da aka kunna fitilu. A ɗaure shi, ko a sauya. Sai dai kada a ɗaure shi tamau kamar ganga, yin haka na cinye boris ɗin altaneta da na famfon ruwa.

Sai wayoyi, kuma a nan dattijon nan ya fi daɗewa, ya ce nan ne mutane ke tsallakewa. Farin garin nan mai ɗan kore da ke taruwa a kan batir yana tare wuta. A kwance, a wanke da ruwan zafi, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure sosai. Ban da cusa ƙusa ko buga kan da dutse. Bayan haka, injin na aiki fitilu a kunne, a ɗora waya ɗaya ta mita a babban notin da ke bayan altaneta, ɗayar a kan batir mai alamar tarawa. Abin da mita zai nuna shi ne wutar da ke zubewa a hanya, kuma in ta kai rabin bolt ta yi yawa. A yi irin wannan awon tsakanin jikin altaneta da ɗaya kan batirin, mai alamar ɗebewa. Motar da ke bin hanyar gona, ƙura da laka da ruwan tumatir, wayar da ke haɗa inji da jikin mota takan yi tsatsa ko ta tsinke saura 'yan silli. Sau da yawa altaneta na bayar da 14 cif, amma 13 ko ƙasa ke isa batir.

Ga wani ƙaramin abu da ya ba ni mamaki. Jar fitilar nan mai hoton batir da ke gaban direba, a tsofaffin motoci irin taka ta cikinta ne 'yar wutar da ke tada altaneta take bi. In ƙwan ya mutu, ko wani ya cire shi don ya dame shi, altaneta ba za ta fara caji ba sai an ba ta totur da ƙarfi, wata ma ba za ta fara ba sam. Saboda haka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. In jar fitilar ba ta kama ba, fara da ita.

In duk waɗannan lafiya, sai a kwance altaneta. Kabon guda biyu da ke gogar ƙarfen da ke juyawa a ciki sukan cinye, su daina dannawa sosai. Akwai kuma dayod, manya guda 6 a mafi yawan altaneta, masu mayar da wutar ta zama irin wadda batir ke karɓa. In ɗaya ya ƙone ba za ta mutu ba, amma ƙarfinta zai ragu ƙwarai, kuma a tsaye ne za a fi gani, wani lokaci har da wani siririn kuka a rediyon mota da ke hawa da sauka tare da totur. Sai katawut mai daidaita caji. Duk ukun ana sauya su ɗai-ɗai, ba dole sai an sayi altaneta sukutum ba. In kuwa an taɓa sa maka ta hannu, a gwada faɗin fulinta da na asali, domin babban fuli yana rage mata juyi. Makanike kuma ya duba ko injin kansa ya yi ƙasa da yawa in yana tsaye, har yana kakkarwa, a ɗan ɗaga shi.

Malam, ba ka faɗa mana ko ka ƙara wa motar fitilu ba, amma na san halin masu lodin dare. Ƙwan babbar fitila na asali wat 55 ne zuwa 60. In ka sa masu 100, ka ƙara biyu a kan rufi, ga lasifika, ga wayoyin yaran lodi a caji, to ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. In za a daɗe ana lodi, a kashe manyan fitilu a yi amfani da tocila.

Gargaɗi ɗaya, kuma da babbar murya. Wasu masu gyara sukan cire kan batir injin na aiki, wai in mota ba ta mutu ba caji lafiya. Kada ka yarda a yi wa motarka haka. Wutar takan yi tsalle ta ƙone dayod da katawut, a motocin zamani har da kwamfutar inji. Masu sababbin motoci kuma su sani, a wasunsu kwamfuta ce ke rage caji da gangan in batir ya cika, don haka ganin 12 da ɗoriya na ɗan lokaci ba lallai ciwo ba ne a wurinsu.

Batir ɗin da kake da shi yanzu, in irin mai murfi ne, a duba ruwansa a cika da ruwan batir, ban da na rijiya, a caja shi a gwada, mai yiwuwa bai mutu ba. Ka aiko mana da lambobin nan huɗu da ka rubuta, tare da abin da aka samu, don sauran direbobi su amfana. A gaida mutanen Kura da kewaye. Wasiƙa ta gaba kuma a kan ƙwarin da ke cin wake a rumbu take.