Tsibirin Ayona da Kufan Soba: Jawabin Ranar Jubili

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Ubangiji, dattawan ikkilisiya, iyaye mata, samari da 'yan mata na Kartum da Umdurman:

Ranar jubili ranar godiya ce da ƙidayar shekaru. Amma kafin mu ƙidaya namu, bari mu dubi al'ummai biyu da suka karɓi Bishara kusan a zamani ɗaya. Ɗaya tana can ƙarshen yammacin Turai, ɗaya kuwa nan bakin Nilu inda muke zaune. Ikkilisiyar ta fari tana nan har wa yau, ta biyun kuwa ta shuɗe. Ya wajaba mu san dalili.

Ta farin su ne Keltawa, kakannin mutanen Ayalan da Sikotilan da Wels. A dā sun bazu ƙwarai, har waɗansu suka haye Asiya Ƙarama wajen shekara 278 kafin haihuwar Almasihu, ƙasar da suka zauna ta ci sunan Galatiya, inda Manzo Bulus ya aika da wasiƙa. Allolinsu da yawa ne: akwai Lug gwanin kowace sana'a, da Dagda mai tukunyar da ba ta ƙarewa, da Birigid ta mawaƙa da maƙera. Matsafansu, waɗanda ake ce wa Duruwid, su ne alƙalai da malamai, kamar yadda Barbushe yake ga Kanawan dā a Dutsen Dala. Ba su yarda a rubuta asirinsu ba, sai hadda, har almajiri yakan yi shekara 20 yana koyo.

A ƙarni na 5 mahara suka kama wani yaro ɗan Biritaniya mai suna Patirik, yana da shekara 16, suka kai shi bauta Ayalan. Shekara 6 yana kiwo, can ya koyi addu'a. Ya tsere ya koma gida, daga baya kuwa ya komo wurin waɗanda suka bautar da shi, yana ɗauke da Bishara. Ya yi wa dubbai baftisma. Abin lura shi ne, ya naɗa 'ya'yan ƙasar su zama masu hidima. Gidajen ibada suka zama makarantu, yara suka koyi karatu da kwafar Littafi Mai Tsarki da hannu. Ba a jima ba sai su ma suka shiga aikawa. A 563 Kolumba ya haye zuwa ɗan tsibirin Ayona, daga can Aidan ya tafi arewacin Ingila a 635. Mahara daga arewa sun kashe mutum 68 a Ayona a 806, duk da haka aikin bai mutu ba, gama an riga an shuka iri a wurare da yawa.

Yanzu mu dawo gida. Mutanen Kush, waɗanda babban birninsu Merowe yake kamar kilomita 200 arewa da nan, sun bauta wa Amun mai kan rago da Afedemak mai kan zaki, wanda aka gina wa haikali a Naƙa. Sarauniyarsu ake kira Kandakatu, wadda Filibus ya yi wa ma'ajinta baftisma, kamar yadda yake cikin Ayyukan Manzanni sura 8. Bayan faɗuwar Merowe aka sami mulkoki uku a ƙasar Nuba. A 543 Yuliyanus ya kawo Bishara ga na arewa. A 580 bishop Longinus ya nufo Alwa, mulkin kudu. Sarkin Makuriya ya tare masa hanyar kogi, sai ya bi ta hamadar gabas, raƙuma 17 suka mutu don zafi, amma ya iso, ya yi wa sarki da fadawansa baftisma. Birnin wannan sarki shi ne Soba, kamar kilomita 20 daga Kartum a bakin Shuɗin Nilu. Kolumba yana da rai a Ayona sa'ad da wannan ya faru.

Kada kowa ya raina wannan ikkilisiya. Ta rayu kusan shekara 900. Bayan yaƙin Dongola a 652 aka ƙulla alkawari da Musulmin Masar, ya riƙe kusan shekara 600. A ƙarni na 10 Ibn Sulaim ɗan Aswan ya ba da labarin Soba, mai manyan gidaje da lambuna da majami'u masu zinariya, da unguwar Musulmi a ciki. Sun kuma rubuta sassan Littafi Mai Tsarki da harshensu.

To, me ya faru? Dalilai da yawa ne: rigimar sarauta, da yaƙe-yaƙe, da shigowar Larabawa makiyaya. Amma akwai biyu da suka shafe mu. Na ɗaya, ikkilisiyar ta jingina ga fada, da fada ta rushe sai ta rasa majingina. A 1317 aka mai da zauren sarkin Dongola masallaci. Na biyu, ba a naɗa bishop sai ta hannun babban uban ikkilisiya na Masar. Da hanya ta yanke, tsofaffin firistoci suka mutu babu magada. Wani firist ɗan Fotugal, Alfares, wanda ya zauna Habasha daga 1520 zuwa 1526, ya ga mutum 6 daga Nuba sun zo roƙon sarkin Habasha ya ba su firistoci. Sarki ya ce shi ma daga Masar yake samun nasa shugaba. Suka koma hannu wofi. A 1523 wani matafiyi ya bi ta Soba ya tarar da kufai, daga baya har tubalinta aka kwasa don gina Kartum.

'Yan'uwa, ku duba ikon Allah. A 1899 Gwin, ɗan ƙasar Wels, jikan waɗancan Keltawa, ya iso nan da Bishara. Zuriyar almajiran sun zo tayar da abin da ya faɗi a bakin Nilu. Amma baƙo raɓa ne. A 1964 aka kori masu mishan daga kudancin ƙasar, ikkilisiyun da suke da nasu masu bishara suka ci gaba. Yaƙin da ya tashi a Afirilu 2023 ya warwatsa jama'ar biranen nan, ya nuna mana gini da tsari suna iya tafiya a dare ɗaya.

Saboda haka ga roƙona. Muna da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932. Kowane uba ya koya wa ɗansa da 'yarsa karanta shi. Kowane dattijo ya ɗauki saurayi ɗaya ya horar da shi ya iya wa'azi da jagorar sujada. Baikonmu kuma ya ɗauki nauyin mai bishararmu, kada mu zauna jiran kuɗin ƙetare. In mun yi haka, 'ya'yanmu ba za su je ƙofar kowa roƙon makiyayi ba.

Ubangiji ya tsare mu da aminci har jubili mai zuwa. Amin.