Jawabi Ga 'Yan Minna Mazauna Kurmi: A Sa Ido Kan Majalisar Gida



Ɗan Minna da ke neman abinci a Agege ko Sabon Badun yakan san duk abin da ake ciki a Abuja, amma in an tambaye shi sunan kansilan unguwarsu, sai ya yi shiru. Alhali kuwa tun gyaran 1976, wanda ya kawar da mulkin En'e, a shekarar da Minna ta zama hedkwatar Jihar Neja, harkar kasuwa, da tashar mota, da maƙabarta, da kwashe shara, da rajistar haihuwa, doka ta ɗora su ne a wuyan ƙaramar hukuma. Ke nan rumfar da mutum ya bar wa ƙanensa, da kuɗin da za a karɓa a kanta, a zauren majalisar Canchaga ko ta Bosso ake yanke maganarsu, yana can bai sani ba.

A da akan ce kuɗin yana maƙale a asusun haɗin gwiwa na jiha. To, ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 rabonsu kai tsaye. Hukunci daban, cika shi daban, shi ya sa tambaya ta zama wajibi.

Saboda haka kowace ƙungiyar 'yan gida ta naɗa wakili a Limawa ko Makera, mai halartar zama, yana aiko da labari. In an hana shi ganin kasafin kuɗi, dokar 'yancin samun bayani ta 2011 ta ba shi ikon nema a rubuce. Masu zuwa gida da Sallah kuma su biya ta wurin kansila kafin su juyo.