Zumunta da Tarin Fuka: Jan Hankali ga 'Yan Uwa Mazauna Ƙetare



Kowace shekara 'ya'yan ƙasar Yauri mazauna Ingila, Amurka da Saudiyya kan zo gida da iyalansu lokacin Sallah ko bikin Rigata. Daga Yelwa sukan wuce Wara, Shanga da ƙauyukan bakin tafkin Kainji domin gaida dangi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, amma akwai abin da ya kamata mu kiyaye a wannan ziyara, wato tarin fuka, wanda aka fi sani da tibi.

Nijeriya ce ke kan gaba a Afirka wajen yawan masu wannan cuta. Ƙwayarta tana bin iska ne idan mai ita ya yi tari, musamman a ɗaki mai cunkoso wanda iska ba ta ratsa shi. Tana iya kwanciya a jiki shekaru ba alama, sai ta tashi bayan baƙo ya koma inda likita ba zai yi saurin zarginta ba. Yara ƙanana sun fi shiga haɗari. A Amurka ba a saba yi wa jarirai allurar BCG ba. A Ingila kuwa, tun 2005 sai waɗanda ake ganin suna cikin haɗari ake yi wa, ciki har da 'ya'yan 'yan Nijeriya.

Don haka muna roƙon mai niyyar zuwa ya tuntuɓi likita game da rigakafin yaransa kafin tafiya. Idan ya koma ya ga tari ya kai mako biyu, ko zazzaɓi, rama da zufar dare, ya gaya wa likita cewa ya je gida, da tsawon zaman da ya yi.

Mu na gida ma da namu nauyin. Duk mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mu kai shi Babban Asibitin Yauri a gwada kakinsa. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, ana sha na wata shida, kuma ana warkewa. Yanke shi a tsakiya kan sa ƙwayar ta daina jin magani. Kada mu ƙyamaci mara lafiya, domin ƙyama ce ke sa ya ɓoye cutar har ta kama jikokinmu.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya ƙara haɗa kanmu.