Makaɗi na cin tuwon wa? Jawabi bisa rayuwar Hajiya Hamsu Garba da Malam Maman Barka



An nemi in yi magana bisa rayuwar manyan mawaƙan ƙasarmu. Suna da yawa, lokacinmu kuwa kaɗan ne, don haka na zaɓi biyu, dukansu sun riga mu gidan gaskiya: Hajiya Hamsu Garba da Malam Maman Barka. Na zaɓe su ne saboda tambaya guda wadda rayuwarsu ke amsawa: wa ke ciyar da makaɗi a Nijar, kuma me makaɗin ke biya a bakin tuwon da ya ci?

A zamanin kakanninmu amsar a fili take. Sarki na da masu tambari da kakaki da algaita. Mahauta na da mai kalangu, manoma na da mai gangar noma, ƴan kokowa da ƴan bori kowa da nasa. Ubangida ya ba da doki, ko riga, ko damen hatsi, makaɗi ya biya da kirari. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shi ya sa ba ka jin makaɗin fada ya taɓa sarkinsa. Zambonsa na abokin gābar sarki ne.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta gaji wannan kujera ta ubangida. Abin ya fi ƙarfi bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974. Ya farfaɗo da samariya, aka soma bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, ana zagayawa da shi jiha jiha, Muryar Sahel na kai waƙoƙin har rugage. Mu faɗi gaskiya, wannan tsari ya yi rana, domin ya buɗe dandali ga ɗan da bai gaji kiɗa ba, ga ɗan lakkwal, ga mace. A zamanin Ali Shaibu kuma ƙasa ta ga gasar kiɗa mai sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa, da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Amma ladan kuturu na nan: waƙar da ke cin gasa ita ce mai yabon haɗin kan ƙasa da aikin gayya, kamar yadda mahukunta ke son ji.

Daga cikin wannan zamani Hamsu Garba ta fito. An haife ta a Maraɗi a 1958, ta yi karatun boko, ta goge a dandalin samariya har muryarta ta zama sananniya a kowane gida. Sai taron ƙasa na 1991 ya zo da jam'iyyu barkatai. Samariya ta watse, baitulmali ya bushe. Ku ma'aikata kun tuna watannin da aka yi ba albashi, ku ƴan kasuwa kun tuna yadda aka kare darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Gwamnatin da ta kasa biyan malamin makaranta ina za ta tuna da mai gurumi? In kiɗi ya sake, rawa ma sai ta sake. Jam'iyyu suka zama sababbin iyayen gida, kowace da mawaƙanta, kowane gangami da kaset ɗinsa.

Hamsu ta yi wa MNSD Nasara waƙa, daga baya ta bi Hama Amadu zuwa Lumana. Akwai masu cewa mawaƙin siyasa ɗan amshin Shata ne, inda maiƙo yake nan yake. Rayuwar wannan baiwar Allah ta ƙaryata su. Ta tsaya da ɓangarenta lokacin da ba ya bisa mulki, ba ya da kasuwar da zai raba. A farkon 2016, ana shirin zaɓe, ɗan takararta na tsare a Filinge, ita ma aka kama ta aka kai gidan kaso na Yamai, ta yi kwanaki a ciki. Wannan farashi ɗaya ke nan. Na biyu ya fi shi ciwo, ko da yake ba a cika faɗinsa ba. Matar da ta yi waƙoƙin gargaɗi bisa auren dole da zaman iyali, waƙoƙin da suka shafi kowane gida, ta wayi gari wani sashe na ƴan ƙasa na kashe radiyo in sun ji muryarta, don kawai launin tutar da aka san ta da shi. Ta rasu a watan Disamba na 2022.

Malam Maman Barka ya bi wata hanya dabam. Batube ne ɗan makiyaya, haifaffen Tasker, can arewacin Gure. Ya shiga lakkwal, ya zama malamin makaranta, daga nan sunan Malam ya bi shi har dandali. Kayan kiɗansa gurumi ne mai tsirkiya biyu, yana waƙa da Hausa da Tubanci da Barbarci da Faransanci, kaset ɗinsa na yawo a Nijar da arewacin Najeriya. Wanda ya ga wannan farin jini sai ya ce ai ya huta. To, alhazai, ku gafarce ni, nan maganar ta iso ƙofarku. Kun san yadda cinikin kaset ya kasance: a sayi guda, a sa cikin na'ura mai baki biyu, a kwafa ɗari, a jera a tebur. Mai tebur ya ci, mai mota ya ci, mai kwali ya ci, wanda ya kwana yana tsara waƙar ya tashi da suna. Doka kuwa tana nan. Tun 1993 aka yi dokar kare haƙƙin mai fasaha, a 1995 aka kafa hukumar BNDA don karɓar kuɗin. Da kaset ya mutu, cinikin ya koma katin salula, a biya mai rumfa ya zuba maka waƙoƙi, mai waƙar bai sani ba.

Duk da haka, babban aikin Maman Barka na gaba. A bakin tabkin Cadi akwai Buduma, masunta da makiyayan tsibirai. Suna da wani kayan kiɗa mai suna biram, mai tsirkiya biyar, ƙirarsa kamar kwalekwale, suna kuma girmama shi ƙwarai don sun danganta shi da iskan tabki. Samarinsu sun juya masa baya, har ya rage tsoho guda da ya ƙware a kansa, Bukar Tar. A 2002 Maman Barka ya sami tallafin UNESCO, ya bar Yamai, ya je ya durƙusa gaban tsohon nan. Ku duba lamarin da kyau: mutum ya haura shekara arba'in, ya yi suna, ba yarensu ɗaya ba, ya koma almajiri. Ya koyi kiɗan da waƙoƙin da ladubbansu, tsohon ya damƙa masa biram ɗinsa, daga baya Allah ya yi masa rasuwa. Da wannan biram Maman Barka ya hau dandalin WOMAD a Ingila a 2008, tare da makaɗinsa Umaru Adamu, a 2009 kuma wani kamfanin Landan ya fitar da faifansu.

Ku tuna abin da ya biyo baya. A 2015 yaƙin Boko Haram ya iso jihar Difa, aka kwashe mutane daga tsibiran tabki. Da a ce Malam ya jinkirta tafiyarsa, yana jiran ranar da kasafin kuɗin al'adu zai tuna da shi, da ba zai tarar da tsohon ba, ba zai ma sami hanyar zuwa ba. Kiɗan da wata al'umma ta ƙasar nan ta gada kaka da kakanni ya tsira ne da ƙafar malamin makaranta guda da kuɗin da suka fito daga Paris. Shi ma ya rasu a Yamai a watan Nuwamba na 2018. Na baya gare shi sun ga darasin: Bombino na Agadas da Mdou Moctar na jihar Tawa, kamfanonin waje ne suka buga faifansu, a waje suke samun yawancin dandalinsu.

Jama'a, ga lissafin. Fada ta ciyar da makaɗi, ta karɓi kirari. Gwamnati ta ciyar da shi, ta karɓi yabo. Jam'iyya ta ciyar da shi, ta raba masa masu sauraro biyu, ita kanta kuma an rushe ta a watan Maris na 2025. Baƙo na biya, amma abin da kunnensa ke so yake saye. Saura mu, masu ji a shago da mota da gidan biki, mu ne ba mu taɓa ɗaukar nauyin ba. Alhali makaɗin da dubun mutane ke biya dala dala ya fi ƴancin baki bisa wanda mutum guda ya ba mota.

Don haka ina da roƙo biyu. Ga ƴan kasuwa: mai kamfanin motoci, mai otel, mai gidan radiyo, duk wanda waƙa ke jawo masa ciniki, ya biya haƙƙin da doka ta ɗora masa, ya kuma matsa a nuna masa inda kuɗin suka shiga. Wanda Allah ya hore wa, ya ɗauki nauyin yaro guda da zai zauna gaban tsohon makaɗi shekara biyu. Bai kai kuɗin liƙin dare ɗaya na wasu bukukuwa ba. Ga ma'aikata: tsofaffin faifan da ke ajiye a gidan radiyon ƙasa da cibiyoyin bincike na Yamai, zafi da ƙura ba su san tarihi ba. A kwafe su cikin na'ura tun suna juyawa, a aika matasa ƙauyuka da abin ɗaukar murya tun masu abin na da rai. A garuruwanmu akwai wasu Bukar Tar, masu goge da garaya da algaita, suna zaune ba almajiri.

Allah ya jiƙan Hajiya Hamsu, ya jiƙan Malam Maman Barka da malaminsa, ya sa sun huta.